Ruwan Sama Na Allah Ne, Ƙazanta Ta Mutum Ce

A karanta: Kubawar Shari'a 23:12-14, Ezekiel 34:17-19, Nehemiya sura 3.

 

Kowace shekara idan bazara ta yi tsanani, rijiyoyi suka ja baya, mu kan taru cikin majami'unmu mu roƙi Allah ruwa. Maƙwabtanmu Musulmi su ma su kan fita bayan gari roƙon ruwa. Allah kuwa cikin jinƙansa ya kan amsa. Hadari ya haɗu daga gabas, a sami ruwan shuka, gero da dawa su tsiro, kowa ya yi murna. Amma kafin watan Agusta ya ƙare sai roƙonmu ya juya. A wannan unguwa katanga ta faɗi, a waccan ruwa ya shiga ɗakuna, a wancan ƙauye yara suna kwance da amai da gudawa. Ruwan da muka roƙa da hawaye, shi ne kuma mu ke kuka da shi.

To, me ya faru? Kyautar Allah ce ta lalace tun daga sama? Ko kuwa akwai abin da ya same ta bayan ta sauka ƙasa? A kan wannan mu ke so mu yi tunani tare a wannan wata, musamman da 'yan'uwanmu na ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, ko da shi ke maganar ta shafi kowane gari da ke bakin rafi. Amsarmu a taƙaice ita ce: ruwa ya kan sauko daga wurin Allah da tsabta, ƙazantar da ya ke kaiwa cikin rijiyoyi kuwa daga hannun 'yan adam ya ke karɓarta. Abin da hannun mutum ya ɓata, Allah yana neman hannun mutum ya gyara.

1. Yadda ruwa ke tafiya a ƙasarmu

Baƙon da ya zo Dutsin-Ma ko Kurfi da rani zai yi mamaki in an ce masa ruwa yana ɓarna a nan. Koramu duk yashi ne, yara suna wasa a ciki, mata suna tono su sami ɗan abin da za su ɗiba. Amma ruwan shekara duka cikin wata huɗu ko biyar ya ke sauka, daga Mayu zuwa Satumba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Ƙasarmu kuma ƙasar duwatsu ce, sunan Dutsin-Ma kansa ya shaida haka. Dutse ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba a kansa gangarowa ya ke yi da gudu yana neman kwari, koramar da ta kwana busasshiya ta wayi gari ta fi ƙarfin mai tsallakewa.

Kakanninmu sun san wannan. Sun kafa gidajensu a tudu, suka bar fadama ga rake da shinkafa da lambu. Inda aka haƙi ƙasar gini ya zama kududdufi, idan aka yi ruwa mai yawa nan ya ke taruwa ya huce fushinsa kafin ya isa gidaje.

Yanzu garuruwa sun cika. Ƙidayar 2006 ta sami kusan mutum 170,000 a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, da fiye da 100,000 a ta Kurfi, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa ta ke yi. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ɗalibai da ma'aikata suka zo neman ɗakin haya. Daga baya fitinar 'yan bindiga ta koro mutane da yawa daga ƙauyuka zuwa cikin gari. Fili ya yi tsada. Aka cike kududdufai da shara aka yanka fuloti a kai. Aka yi gini a kan hanyar ruwa. Aka sare itatuwan bakin rafi don girki da gawayi. Ledar cefane da ta ruwan sha, waɗanda ba su ruɓewa kamar ganye, suka toshe lambatu da kwalbati. Ruwa kuwa ba ya roƙon hanya. In ya tarar an rufe tasa, sai ya bi ta tsakar gidan mutum. Katangar ƙasa in gindinta ya kwana cikin ruwa, ba ta da sauran ƙarfi.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A tsakiyar watan Yuli 2018 ruwa ya sauka da dare a Jibiya, nan cikin jiharmu, ya ci ran mutum fiye da 40, ya rushe ɗaruruwan gidaje. A Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban sashen Maiduguri. A ƙarshen Mayu 2025 ambaliya ta kashe fiye da mutum 150 a Mokwa ta jihar Neja. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

2. Abin da ruwan ke ɗauke da shi

Rushewar gida abu ne da ido ke gani. Amma akwai ɓarna ta biyu wadda ba ta da ƙara, ita ce ta fi ɗaukar rai a hankali. Za mu faɗe ta a fili, ku gafarce mu, gama kunya ba ta warkad da ciwo.

Inda mutane ke zagayawa bayan gari, ko cikin kango, ko a bakin korama, abin da suka bari yana nan dukan rani. Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe shi duka. Masan da aka haƙa a kwari ya cika ya tumbatsa. Akwai kuma masu jiran a fara ruwa da dare su saki ƙazantar gidansu cikin kwata, suna cewa ruwa zai tafi da ita. Lalle zai tafi da ita, amma ina zai kai ta? Zai kai ta cikin rijiyar da ba ta da baki, da kududdufin da yara ke wanka, da ramin da mata ke tono cikin yashin korama, da lambun da a ke ɗiban latas da tumatir.

Cikin bayan gidan mutum akwai ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Ta nan kwalara ke yaɗuwa, wato amai da gudawa mai kisa, wadda ta kan tsotse ruwan jikin ƙaƙƙarfan mutum ta kashe shi kafin kwana ɗaya ya cika. Ta nan taifod ke yaɗuwa, da atuni, da wani irin ciwon shawara, da tsutsar ciki, da shan inna. Tsargiya kuma, wadda ke sa yaro fitsarin jini, daga mai ciwon da ya yi fitsari cikin ruwa ta ke shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga wanka. Ruwan da ya kwanta bayan ambaliya shi ne gidan haihuwar sauro.

A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jihar Katsina kuwa tana cikin jihohin da ta taɓa ƙwarai. Da damuna abin ya fi tsanani. Ruwa ba ya tsami banza.

3. Abin da Allah ya umarci Musa

Waɗansu za su ce, “Malam, ina ruwan majami'a da zancen masai? Ka yi mana wa'azin sama.” Ga waɗannan muna cewa su buɗe littafin Kubawar Shari'a, wanda sabon juyi ke kira Maimaitawar Shari'a, sura 23, aya 12 zuwa 14. Allah da kansa ya yi wannan zance. Ya umarci rundunar Isra'ila su keɓe wuri a bayan zango domin zagayawa. Ya ce kowane mutum ya riƙe abin tono cikin kayansa, in ya je ya haƙa rami, in ya gama ya rufe. Allah Mai Tsarki, wanda ya ba da Dokoki Goma a bisa dutsen Sina'i, bai ga ya ƙasƙantad da kansa ba da ya koya wa mutanensa wannan.

Ku lura da dalilin da aka bayar. Musa bai san ƙwayoyin cuta ba, gama sai bayan shekaru dubbai masana suka gan su da madubin likita. Dalilin da aya 14 ta bayar shi ne, Ubangiji yana yawo a tsakiyar zangon domin ya cece su, saboda haka tilas zangon ya zama da tsarki. Ashe tsabtace gari girmama Allah ne wanda ke zaune tare da jama'arsa. In Sarkin Katsina zai zo garinmu, har lungu a kan share, a yayyafa ruwa. Mu da mu ke shaida cewa Ubangiji yana tare da mu kullum, yaya ya kamata bayan gidajenmu da bayan majami'unmu su kasance?

Gaskiya ce mu ba a ƙarƙashin shari'ar Musa mu ke ba, bisa ga alheri aka cece mu. Masai mai kyau ba ya kai kowa sama. Amma Allahn da ya ba da wannan doka bai sāke ba, jikin ɗan adam ma bai sāke ba. Alheri bai zo domin mu zama ƙazamai fiye da Isra'ilawa cikin jeji ba.

4. Kada mu fake da ƙaddara

Idan aka binne yaro bayan ruwa mai yawa, mu kan ce, “Kwanansa ne ya ƙare.” Gaskiya ne rai da mutuwa a hannun Allah su ke, mai makoki kuma ta'aziyya ya ke bukata, ba tuhuma ba. Ubangijinmu ya hana mu ɗauka cewa wanda masifa ta faɗa wa ya fi sauran mutane zunubi. Cikin Luka 13 ya ambaci mutum goma sha takwas waɗanda hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya nuna ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. Saboda haka kada kowa ya dubi wanda gidansa ya rushe ya ce hukunci ne. Sau da yawa talauci ne ya kai shi kwari, wanda ya sayar masa da filin kuwa yana barci a tudu.

Amma ikon Allah bai ɗauke wa mutum nawayarsa ba. Cikin Kubawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya ja ƙaramar katanga kewaye da rufin soro, domin in wani ya faɗo daga can, alhakin jininsa yana wuyan maigidan. Ba a ce ya bar rufin haka nan ya ce mai kwana ba ya faɗuwa ba. Sa'anda Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga ƙwanƙolin haikali tun da mala'iku za su tare shi, Ubangiji ya ƙi, ya nuna wannan gwada Allah ne. Wanda ya haƙa masai taku biyar daga rijiya, sa'an nan ya durƙusa yana roƙo a tsare 'ya'yansa daga ciwo, gwada Allah ya ke yi. Nuhu ya gaskata gargaɗin Allah, bangaskiyarsa kuwa ta bayyana cikin gatari da katako, tun sama ba ta da ko gajimare.

Mu ma ba a bar mu ba gargaɗi ba. Kowace shekara, tun damuna ba ta faɗi ba, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ta kan ba da hasashen ruwan shekara, a kan kuma sanar da wuraren da a ke jin tsoron ambaliya, ana faɗa a rediyo da Hausa. Mai hankali ya kan ji ya yi shiri.

5. Maƙwabcinka yana gangare

Annabi Ezekiel, cikin sura 34, ya kawo ƙarar Allah a kan waɗansu tumaki masu ƙiba. Su kan riga sauran zuwa mashaya, su sha ruwa mai kyau su ƙoshi, sa'an nan su shiga da ƙafafunsu su dama abin da ya rage, raunana su zo su sha gurɓatacce. Allah ya ce zai shara'anta tsakanin tunkiya da tunkiya. Duk wanda ya taɓa kai garke mashaya da rani ya san wannan hoto.

A garuruwanmu su wane ne masu ƙiba? Mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, ko ya sayi ruwan leda. Ya daɓe tsakar gidansa da siminti, ya ɗaga ƙofarsa, ya fito da bututun ƙazanta ya saka a titi. Su wa ke sha? Gwauruwar da ke haya a gangare, da ɗan gudun hijira, da almajiri, da yaron makarantar da ke sayen ruwa wurin ɗan garuwa. Mai gidan haya da ya gina ɗaki goma ya sa ɗalibai, bai yi musu masai isasshe ba, ya karɓi kuɗinsa ya tura wa unguwa ciwo.

Maƙwabcin nan ba a ƙofar gida kaɗai ya tsaya ba. Kudu da Dutsin-Ma akwai madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa, wadda aka gama gininta a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Shekaru da yawa ruwanta yana kwance ba a mori rabin amfaninsa ba, sai a Yuli 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin tace shi da tura shi zuwa birnin Katsina. Masunta suna kamun kifi a ciki, manoman rani suna ban ruwa da shi. Abin da aka zubar a kowace korama da ke gangarawa Karaduwa, can ya ke tafiya. Ruwan wannan yanki kuma yamma ya ke nufa, ya shiga gulbin Rima, ya wuce ta Sakkwato, har ya sadu da kogin Kwara. Mutumin da ba za mu taɓa ganin fuskarsa ba yana shan abin da ya bar ƙofarmu. Lauyan nan ya tambayi Yesu wane ne maƙwabcinsa. Da damuna amsar ba ta da wuya: duk wanda ke ƙasa da kai a hanyar ruwa.

Kwalara ba ta tambayar addinin mutum. Rijiya ɗaya mu ke sha da Musulmi, kwata ɗaya ta ratsa ƙofofinmu. Su ma suna cewa tsabta cikon addini ce. Irmiya ya rubuta wa Yahudawan da ke zaman bauta a Babila su nemi lafiyar garin da su ke ciki, gama lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Balle mu da mu ke zaune a ƙasar iyayenmu.

6. Abin ya taɓa yiwuwa

Kada zuciyarmu ta karai. A 1854 kwalara ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan ta Ingila, ta kashe fiye da mutum 500 cikin kwana goma. Mutanen lokacin suna tsammani wari ne ke kawo ciwon. Wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana tambaya ina mamatan su ke ɗiban ruwa, ya tarar mafi yawansu famfo ɗaya su ke sha. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Wani matashin mai hidimar ekklesiya a unguwar, Henry Whitehead, da fari bai yarda da likitan ba. Amma da shi ke ya san mutanensa, ya shiga bincike da kansa, har ya gano cewa ruwan wankin tsummokin wata jaririya mai gudawa aka zuba cikin ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar famfon. Ku duba, fasto ne ya taimaki likita, domin shi ne ya san ƙofar kowane gida.

Ga wani misali na gida. Dattawanmu sun san kurkunu, yadda ya kan kwantad da manomi a tsakiyar damuna gonarsa ta zama saura. A 1988 an ƙidaya fiye da mutum 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ciwon ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar sha. Da me aka yaƙe shi? Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da haƙa rijiyoyi masu kyau, da mutanen ƙauye masu zagayawa suna faɗakarwa. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon suka sa hannu cikin aikin. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe a ƙasar nan, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da shi. Yaranmu na yau sunansa kaɗai su ke ji. A 2022 kuma aka shaida maƙwabciyarmu Jigawa ta zama jiha ta fari da ta daina bayan gida a fili. Mutanen Jigawa Hausawa ne kamarmu, ba su fi mu hannu ko ƙafa ba.

7. Kowa daura da gidansa

Sa'anda Nehemiya ya tarar da garun Urushalima a rushe, ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a, sa'an nan ya tashi ya raba aiki. Sura 3 ta nuna mutane da yawa sun gyara sashen da ke daura da gidajensu. Firistoci sun yi, maƙeran zinariya sun yi, wani mai mulki ya yi tare da 'ya'yansa mata. Akwai ƙofar da a ke fitad da juji ta wurinta, wanda ya gyara ta kuwa, Malkiya, hakimi ne, bai ce aikin ya yi masa ƙanƙanta ba. An kuma rubuta cewa manyan Tekowa sun ƙi sa wuyansu ga aikin, wannan abin kunya yana nan a rubuce har yau. Cikin kwana 52 aka gama garun. Ga namu sashen garu.

Na ɗaya, masai. Kowane gidan mai bi ya kasance da shi, da murfi a bakinsa saboda ƙuda. A haƙa shi nesa da rijiya kamar mita 30, wato wajen taku arba'in na babban mutum, a gefen da ya fi rijiyar gangare. A ɗaga bakinsa sama da inda ruwa ke kaiwa. Kashin jariri ma yana ɗauke da cuta kamar na babba, a zuba shi cikin masai, kada a watsa a bola. Kowace majami'a da makarantarta su yi nasu, na maza dabam na mata dabam, tun ba a yi zancen sayen sababbin kayan kiɗa ba.

Na biyu, rijiya. A gina mata baki da siminti, a yi mata murfi, a rataye guga da igiya kada su kwana a ƙasa. In ruwan ambaliya ya shiga rijiya, kada a sha sai an yashe ta, ma'aikatan lafiya sun sa mata magani.

Na uku, randa. Da damuna a tafasa ruwan sha sai ya yi ta ɓararraka, ko a sa maganin kulorin bisa ga yadda ma'aikatan lafiya suka nuna. Ruwa ya kwanta ya yi garau ba shi ne ya tsabtata ba. A rufe randa, a keɓe mata moɗa ɗaya. A wanke hannu da sabulu, in babu sabulu da toka, bayan an zagaya, bayan an wanke wa yaro, da kafin a taɓa abinci.

Na huɗu, kwata. Tun watan Afrilu matasan ekklesiya su je wurin mai unguwa su nemi a sa ranar gayya, a yashe lambatu da kwalbati tare da dukan mutanen unguwa. A kwashe abin da aka fitar a kai juji, gama in an tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mai da shi ciki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, fili. Kada mai bi ya sayi fili a hanyar ruwa don arha, kada kuma ya sayar wa wani ya ɓoye masa. Mai neman fili ya je ya gan shi a watan Agusta, ya tambayi tsofaffin unguwa. Ubangijinmu da ya yi misali da mai gini a kan dutse da mai gini a kan yashi, da abin da kowane magini ya sani ya yi shi.

Na shida, idan ciwo ya shigo. Mai gudawa ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, saboda haka a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan. In babu na ƙunshi da a ke samu a asibiti, a sami lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A yi ta ba shi kaɗan kaɗan, mai shan nono kuma a ci gaba da ba shi nono, ana haka ana hanyar asibiti. Kada a jira gari ya waye. A yi addu'a, a kuma tafi. Zumuntar Mata su koya wa juna wannan har kowace mace ta iya shi kamar yadda ta iya dama kunu.

Na bakwai, hukuma. Manyan magudanan ruwa da gadoji da ruwan famfo sun fi ƙarfin gayya. Dattawanmu suna tuna duba-gari na zamanin En'e, mai shiga gida gida yana leƙa randa da masai. Ma'aikatan tsabtar muhalli suna nan a ƙananan hukumomi har yanzu. Dattawan ekklesiya su haɗa kai da limamai da masu unguwa, su je wurin hakimi da shugaban ƙaramar hukuma cikin ladabi, su nuna wuraren da ruwa ke tsayawa da inda a ke gini a kan hanyarsa. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Na takwas, waɗanda ruwa ya riga ya ci. A buɗe musu ɗaki, a kai musu hatsi da tabarma da tufafi, ko na ekklesiya ne ko ba na ekklesiya ba. Yaƙub ya gargaɗe mu a kan sallamar mai yunwa da fatan alheri kawai.

8. Maɓuɓɓugar da ke ciki

'Yan'uwa, me ya sa mutum zai jira dare ya saki ƙazantarsa ga maƙwabci? Ba rashin sani ba ne kullum. Ya jira dare ne domin ya san abin ba kyau. Ubangiji Yesu ya koya mana cikin Markus 7 cewa ainihin abin da ke ƙazantad da mutum daga zuciya ya ke fitowa. Son kai da haɗama da rashin kula da ɗan'uwa, su ne kwatar da ta fara toshewa kafin ta titi. Wannan kuwa shebur ba ya yashe ta, sai jinin Kristi. Wanda bai zo wurinsa ba tukuna, ya zo yau, gama ya yi alkawarin ruwan rai ga kowane mai ƙishi. Wanda ya riga ya zo, bari a ga shaidar wankan da aka yi masa a ƙofar gidansa. Maƙwabcin da ba zai taɓa shiga majami'a ya ji wa'azi ba, yana ganin kwatarmu kowace safiya.

Muna roƙon kowane fasto da mai bishara ya karanta wa jama'arsa waɗannan ayoyi kafin damuna mai zuwa, dattawa kuma su zauna su sa rana.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ruwan da ka ke aiko wa gonakinmu kowace shekara. Ka ta'azantad da waɗanda ambaliya da ciwo suka raba su da 'yan'uwansu da gidajensu. Ka ba sarakunanmu da masu mulki hikima da tsoronka. Ka ba ekklesiyarka a Dutsin-Ma da Kurfi da ko'ina zuciya mai tsabta da hannu mai aiki, domin maƙwabtanmu su sha ruwa mai kyau, sunanka kuma ya sami girma. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.